Guɗar Cin Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na rangaɗa guɗar da ta fi kowace daɗi a rayuwata, a kan abin da salati ya kamata a yi masa. Kuma tun kafin mu yi nisa gara in faɗa muku gaskiya: kunya kam na sha ta har na ƙoshi, amma nadama ban yi ba, ba kuma ni da niyyar yi.

Ni maguɗiya ce. A Birnin Kudu in kun ji an ce biki ya yi armashi, ku bincika da kyau, za ku tarar ina wurin riƙe da hancina. (Masu cewa guɗa ba sana'a ba ce, su zo su jera ta a gaban jama'a mu ga ko ba za su nemi ruwa ba.) Allah bai ba ni 'ya mace ba, sai yayana Malam Sale, da ke noma a Yalwan Damai, ya ba ni riƙon 'yarsa Hafsatu tun tana tatata. A hannuna ta tashi, kuma a tsakar gidana ta fasa mini randa da ƙwallon tsumma, ba sau ɗaya ba.

Wadda ta fara ganin abin da ke ƙafar yarinyar nan maƙwabciyata ce, Malama Rifkatu, mutuniyar Filato da ke koyar da wasanni a makarantar 'yan mata. Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ta miƙo mini abincin Kirsimeti ta samanta, ni in miƙa mata naman layya. Ita ta yi ta kai Hafsatu gasar makarantu, daga wannan gari zuwa wancan, har wata ƙungiya ta can Kudu, cikin masu buga babbar gasar mata ta ƙasa, ta ce tana son ta. Babbar gasar fa, wadda babu wata a samanta.

Ranar da na je Yalwa neman izinin Yaya, sai da na yi sallar azahar da la'asar a gidan ban samu amsa ba. Yana ta gyaran ƙotar fartanya kamar ba da shi nake ba.

“Mace da ƙwallo,” ya ce daga ƙarshe. “A Kudu kuma. Ke dai ba kya gajiya da ɗauko wa mutane magana.”

“Yaya, da dogon wando za ta yi, kanta a rufe. Kuma ni na tsaya mata. In ta jawo abin faɗa, a wuyana.”

“To na ji. Kaka ɗaya na ba ki. Da an yanke gero ta dawo.”

Sai da Malama Rifkatu ta yi masa bayani cewa kakar wasa daban, kakar gero daban. Ya ce shi ba ruwansa, ko kakar uban wa ce, ɗaya dai ya ce. Ya ƙara da cewa ranar da sunansa ya shiga bakin mutane saboda ita, ni zan je da ƙafata in ɗauko ta.

Haka kakar nan ta fara, ni kuma na ɗaura ɗamarar zama gidan rediyonta. Duk sati suna da wasa, yau a gidansu, wani satin su kwana a mota su je garin da ko sunansa ba na iya faɗa daidai. Hafsatu ta kira ni murya a dishe, ta ce gwiwa ta kumbura, ko an yi musu ruwan sama tun daga farko har ƙarshe, ko abincin can ya ƙi zama a cikinta. Ni ba wannan nake kai wa bakin famfo ba. Abin da nake kaiwa shi ne “mun ci”, in kuwa an ci su ne sai in ce alƙalin wasan ɗan garin ne. Ban taɓa kallon wasa ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba, don wayata ƙarama ce, idona kuma ba na ganin ɗigo-ɗigon mutane yana gudu ba ne. Malama ce ke kalla a tata wayar ta leƙo ta katanga ta faɗa mini.

Matan unguwa kuwa ba su bar ni na sha ruwa ba. Da farko cewa suke yi yarinya za ta koma namiji, ƙwaurinta zai yi kamar taɓarya. Da suka ga wannan bai sa na ko kalle su ba, sai suka samo inda ke yi mini ciwo.

“Wai ni Gwaggon Hafsatu, kullum muna jin an ci, an ci. Ita taku yaushe za ta ci nata? Ko rakiya ta je?”

Gaskiya ce, kaka ta yi nisa, Hafsatu ba ta ci ko ɗaya ba. Malama ta sha cewa in zauna ta fahimtar da ni yadda abin yake, ni kuma in ce mata ba karatu na zo yi ba, ranar da 'yata ta ci kawai ta faɗa mini. Na yi rantsuwa a bakin famfo cewa ranar sai an ji guɗata har Gwaram.

Ashe bakina ne ya ja mini. Wasansu na ƙarshe ya faɗo daidai da bikin Jamila, 'yar ƙanwarmu Asabe da ke aure a Zandam, can ƙasar Gwaram. Wasan kuma ba ƙarami ba ne. Malama ta ce a ƙarshen kaka ana tara ƙungiyoyin da suka fi maki wuri ɗaya su fid da zakara, su Hafsatu kuma ko canjaras suka yi ranar sun shiga cikinsu. Na ce to ai sai ta shirya mu tafi bikin tare, ita da wayarta.

An ɗaura aure bayan azahar. Maza suka zauna cin abinci a rumfar ƙofar gida, Yaya yana cikinsu a matsayin kawun amarya, ya sha babbar riga. Mu mata muna ciki ana yini. Dangin ango sun iso daga Kiyako don tafiya da amarya, an shimfiɗa musu tabarmi a gefe, shugabarsu gwaggon ango ce, wata Hajiya Kubura mai kallon mutum daga sama har ƙasa kafin ta amsa gaisuwa. An ɗauko mai kayan sauti, ya ɗora lasifika ɗaya a tsakar gida, ɗaya a kan katanga tana kallon waje. Makirufo kuwa tun da na karɓa ban sake shi ba.

Matsalar gidan Asabe sabis. Malama ta zagaye gidan nan da waya a sama kamar mai neman tsuntsu, ba ta samu ba sai a can lungun rumbu, shi ma sai da ta kifa turmi ta hau kai. Ku dubi mace mai jiki irin Malama Rifkatu, da ashobi da ɗauri, tsaye a kan turmi tun la'asar. Ni ina wannan ƙarshen tsakar gida ina aikina, ido ɗaya a kan amarya, ɗaya a kanta. Duk sanda na ɗaga mata gira sai ta girgiza kai, alamar babu ci. Na san su Hafsatu hakan ya ishe su, amma ni bai ishe ni ba. Cikin raina ina ta roƙon Allah ya sa yau ce.

Rana ta yi sanyi, ana ta kiɗa, sai na ga Malama ta zabura ta ɗora hannu ɗaya a ka. Na ɗaga wa mai kiɗa hannu ya rage sauti, na ƙwala mata kira ta makirufo: “Malama, me ya faru?”

Ta ɗago murya daga kan turmi: “Hafsatu ce! Ta ci gida!”

To jama'a, ku yi mini adalci. Ni Bahaushiya ce, da Hausa aka yi mini huɗuba. Na san a ci jarrabawa, na san a ci zaɓe, na san a ci kasuwa, na san sarakunan da suka ci gari. Duk inda aka ce mutum ya ci abu, nasara ce. Sai lissafina ya ba ni cewa in sauran 'yan mata ƙwallo kawai suke ci, tawa da ta tashi ci sai ta haɗa da gidan gaba ɗaya. Dama shiru-shirun da ta yi duk kakar nan babban abu take haɗawa. A sana'armu kuma ba a tsayawa tambaya, da kin tsaya wata ta riga ki.

Na kama hanci na saki wata irin guɗa da ni kaina ban san ina da ita ba. Ta fita ta lasifikar ciki, ta fita ta ta waje, kaji suka watse. Na ja numfashi na ƙara. Matan gidanmu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka taya ni. Na hango Malama tana ta kaɗa mini hannu biyu, na ɗauka cewa take in ƙara wuta, na ƙara.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Sai kirari ya zo mini.

“Ina masu cewa rakiya ta je? Ku fito ku ji! Hafsatu 'yar Malam Sale na Yalwa ta ci gida! Ba a ɓoye ba, a gaban duniya! Wasu su ci ƙwallo, tamu ta ci gida!”

(Ku lura, sunan Yaya da na garinsa duk na haɗa, kar a yi kuskuren mai 'ya.)

Na juya wajen tabarmar dangin ango, don dama tun zuwansu nake jin haushin kallon da Hajiya Kubura ke yi wa kayan ɗakin 'yarmu. Na ce bari in nuna musu irin gidan da suka zo neman iri.

“Mutanen Kiyako, ku gode wa Allah! Mu haka 'ya'yanmu suke, gado ne. Duk inda suka sa ƙafa sai sun ci gida! Wannan amaryar ma da za ku tafi da ita, ku zuba ido, ba za ta shekara ba sai ta ci gida!”

Hajiya Kubura ta ajiye cinyar kazar da ke hannunta, ta goge baki da gefen mayafi, ta ce a hankali, amma kowa ya ji: “Baiwar Allah, gidan wa za ta ci? Namu?”

Kafin in ba ta amsa sai muka ji wata irin dariya ta ɓarke a waje, ta samari, irin wadda ake yi ana dukan cinya. Abokan ango ne, 'yan gidan kallon ƙwallo. Daidai nan Malama ta iso, ɗaurinta a hannu, don garin saukowa turmin ya mirgine da ita. Ta damƙi hannuna ta ce cikin haki: “Gwaggo, ki yi shiru don Allah! Ragarsu ta zura wa. Ta zo tarewa ƙwallon ya goge ta ya shige. An ci su, sun fita!”

Makirufon yana bakina, a kunne. Don haka “Na shiga uku” ɗin da na ce, shi ma Zandam duka ta ji shi.

Daga baya aka ba ni labarin abin da ya faru a rumfar maza, wanda shi ya fi komai muni. Ashe da Yaya ya ji sunansa a lasifika, shi ma lissafinsa irin nawa ne. Mutumin da duk kakar nan bai taɓa tambayar yadda wasa ya ƙare ba, sai ga shi ya miƙe tsaye yana gyara riga, dattawa suna miƙo hannu yana karɓa, har yana cewa, “Ai jinina ce, tun tana ƙarama na ga alama.” Sai da wani cikin samarin ya durƙusa a gabansa, yana danne dariya, ya ce, “Baba, ka yi haƙuri ka zauna, kanta ta yi wa.”

Ni dai ban san yadda aka yi na tsinci kaina a madafi ba, a bayan manyan tukwane, hayaƙi yana shiga idona ina godiya da shi don ya ba ni dalilin hawaye. Malama ta biyo ni ta zauna a kan itace. A nan ne, da ba ni da bakin cewa ba karatu na zo yi ba, ta yi mini karatun. Ta ce Hafsatu 'yar baya ce, aikinta tarewa, ba ci ba. Ta ce duk wasannin da aka tashi ba a ci su ba, rabin aikin nata ne, kuma irinsu sai mace ta yi shekaru tana wasa ba ta zura ko ɗaya ba, babu kuma mai ganin laifinta. Wato duk kakar nan 'yata tana can tana abin a yaba, ni ina nan ina jin kunyar matan bakin famfo a banza.

Muna nan wayar Malama ta yi ƙara. (Sabis ɗin da ya ƙi zuwa sai a kan turmi, ga shi ya biyo ni har bayan tukunya.) Hafsatu ce, tana kuka kamar ranta zai fita.

“Gwaggo, na kashe mana kaka. Duk wahalar da muka sha, ni na zubar. Ba wadda ta zage ni, da ma sun zage ni da ya fi. Gobe zan haɗa kayana in dawo. Ki ce wa Baba ya yi gaskiya.”

Raina ya ɓaci, har na manta da tawa kunyar. Na ce, “Ke, share hawayenki ki ji abin da gwaggonki ta yi.” Na kwashe duka na faɗa mata, da guɗar, da kirarin, da mutanen Kiyako, da babanta yana karɓar gaisuwa. Kukan ya tsaya. Sai na ji wani abu kamar shaƙuwa, ashe dariya ce take ƙoƙarin fita ta cikin majina.

“Gwaggo, ba ki ce wa dangin ango haka ba!”

“Na ce, har da ƙari. Ke ƙwallo ne ya goge ki, ni da bakina na tuƙa na kuma kwashe. Kuma yanzun nan zan wanke fuska in shiga motar kai amarya, in je har Kiyako in yi guɗa a tsakar gidan matar nan, don aikina ne. In ni ban gudu ba, ke ba ki isa ki gudu ba.”

Ban rufe baki ba aka ce Yaya yana kira a zaure. Na ja Malama muka tafi. Na same shi tsaye, da mijin Asabe da wasu dattawa, hularsa a hannu yana murza ta.

“Kin tuna abin da na ce miki?” ya ce. “Sunana ya shiga bakin mutane, da lasifika ma. Gobe ki kama hanya.”

Na durƙusa kamar yadda ya kamata, amma murya ban rage ba. Na ce, “Yaya, laifin lasifika nawa ne, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama. Amma ka yi tunani. In ta dawo gobe, labarin a nan ya tsaya. Yau da gobe, a masallacin Yalwa, a kasuwa, a gona, me za a riƙa ce maka? Baban Ci-gida. Jikokinka ma da shi za a san su. Kai da bakinka ka ce jininka ce, mutane sun ji. Jinin naka ne zai ci gida ya gudo?”

Yaya mutum ne da za ka iya raba shi da gonarsa ka ga daidai, amma ba ka isa ka bar shi da sunan banza ba. Ya maka hular a kansa ya ce: “To wallahi, ku shaida, yarinyar nan ba za ta ajiye ƙwallon nan ba sai ta zura shi a ragar mutane, kowa ya ji kamar yadda aka ji wannan! Ranar ta tattaro ta dawo.”

Malama Rifkatu, da yake mai gaskiya ce, ta buɗe baki za ta ce, “Ai Malam, ita 'yar ba...” Na take mata ƙafa da duk nauyina. Na ce, “Mun shaida, Yaya. Allah ya ƙara girma.” Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na je Kiyako a ranar, na kuma yi guɗata. Hajiya Kubura ta tare ni a bakin ƙofa ta ce in shigo amma in bar musu gidan yadda na same shi. Na ce mata wannan sai yadda suka riƙe mana 'ya. Sunan kuwa ya bi ni, yanzu ko yaran unguwa Gwaggo Ci-gida suke ce mini, ni kuma in amsa da ƙarfi, don wanda ya ga kina jin haushin suna shi ke ƙara masa gishiri.

Hafsatu tana can har yau, kaka ta bi kaka, tana tare ƙwallo a babbar gasa. In ta zo hutu takan je Yalwa ta gaida babanta, ya dube ta ya ce, “Har yanzu?” ta sunkuyar da kai ta ce, “Ana ta ƙoƙari, Baba.” Wani lokaci ina zargin ya gano, don an ce an gan shi yana tsayawa a bakin gidan kallo, amma rantsuwa rantsuwa ce, ni kuma ba ni zan tayar da maganar ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu ko cewa aka yi wance ta ci, ko me ta ci, sai na tambaya a ragar wa kafin in kai hannu hanci. In kuma ranar wasansu ce, addu'ata ɗaya ce bayan kowace salla: Allah ya ba su nasara ta ƙafar wata, ya tsare mini ƙafar Hafsatu daga raga, tasu da ta mutane duka.